Namijin kunama da macenta: yadda ake bambance su

Daga ƙarshen watan Maris har ruwan farko ya sauka, zafi yakan kori mutanen Tasawa da Mayahi daga ɗaki zuwa tsakar gida. A shimfiɗa tabarma a ƙasa, yara su kwanta a gindin katanga, manya kuma su yi ta kai da komo cikin duhu, sau da yawa ba takalmi. A wannan lokacin ne kunama ta fi yawo, a lokacin ne kuma aka fi jin ihun wanda ta harba. Da zarar an haska tocila an kashe ta, sai a shiga tambaya: namiji ne ko mace? Amsar da aka saba ji ita ce babba baƙi, wanda ake kira duwu, shi ne namiji, ƙaramar mai launin rairayi kuma ita ce mace.

Wannan amsa ba daidai ba ce, kuma kuskuren yana da illa, domin da ita wasu iyaye ke yanke shawarar kai yaro likita ko barinsa a gida. Launi da girma suna nuna irin kunama ne kawai. Kowane iri yana da mazansa da matansa, kuma alamar da ta fi bambance su tana ƙarƙashin ciki, inda ba kowa ke dubawa ba.

Duwu da kunama

A bakin Bahaushe kunama mace ce, ana cewa ta harba, ta shige rami. Duwu kuwa namiji ne, ana cewa ya fito. Mai yiwuwa daga nan ne aka ɗauka duwu mijin kunama ne. Masana dabbobi sun ƙidaya kunamu sama da iri 2,500 a duniya, kuma iri ɗaya ba ya barbarar wani irin da ya yi masa nisa, kamar yadda zabo ba mijin kaza ba ne.

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna cikin yankin Sahel, ƙasar jigawa mai ƙarancin ruwan sama. Kunamun da aka sani a Nijar da sauran ƙasashen wannan yanki sun haɗa da waɗannan:

Leiurus: rawaya ce, tsawonta yakan kai santimita 8 zuwa 11, hannuwanta sirara, wutsiyarta doguwa, sau da yawa gaɓar da ke kusa da ƙari tana da duhu. Tana cikin waɗanda dafinsu ya fi ƙarfi a duniya.

Androctonus: an san ta da kaurin wutsiya. Ma'anar sunan a harshen Girka shi ne mai kashe mutum. Akwai masu launin rairayi a cikin danginta, akwai kuma baƙaƙe wuluk.

Hottentotta: launinta daga ja mai duhu zuwa baƙi, ba ta cika wuce santimita 8 ba. Ta yaɗu a Afirka ta Yamma, tana kuma son zama kusa da gidaje.

Pandinus: ita ce ƙatuwar baƙa mai manyan hannuwa, wadda kan kai santimita 20. Ta fi yawa a kudu inda ake da laima, irin su Gana da Togo da Benin da Kwaddibuwa da sassan Najeriya, wuraren da ƴan ci-rani suka sani. Duk da ban tsoron kamanninta, harbinta bai cika wuce zafi da kumburi ba.

Uku na farko duk ƴan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira Buthidae, kuma kusan dukkan kunamun da ke iya kashe mutum daga wannan dangi suke. Ke nan akwai baƙar kunama mai sauƙin dafi, akwai kuma baƙa mai kisa. A cikin kowacce akwai namiji, akwai mace.

Sassan jikin kunama

Kafin a gane bambancin sai an san jikin. Kunama ƴar uwar gizo-gizo ce, tana da ƙafafu takwas. A gaba akwai hannuwa biyu masu kama da awartaki, da su take kama abinci. Sai kai da ƙirji, waɗanda suke haɗe ƙarƙashin ɓawo ɗaya mai ɗauke da idanu. Bayansu akwai ciki mai gaɓoɓi bakwai, sannan wutsiya mai gaɓoɓi biyar. A ƙarshen wutsiya ne jakar dafi take, da ƙarin da take harbi da shi.

Idan aka kalli kunama ta ƙasa, a bayan ƙafafun ƙarshe za a ga abubuwa biyu. Na farko ɗan marfi ne ƙarami a tsakiya, wanda ya rufe mafitar haihuwa. Na biyu, daf da bayansa, wasu gaɓoɓi ne guda biyu masu haƙora a jere, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, kamar an buɗe reshe biyu. Kamarsu ɗaya da matajin kai, shi ya sa ko da Faransanci sunan mataji aka ba su. Babu wata dabba da ke da wannan mataji sai kunama. Da shi take shafar ƙasa tana tafiya, ta gane laushinta ko taurinta, ta kuma ɗauki ƙanshin abin da ya wuce ta wurin.

Mataji: alamar da ta fi inganci

Namiji ya fi mace bukatar mataji. Da shi yake bin sawun ƙanshin da mace ta bari a ƙasa, da shi kuma yake neman wuri mai tauri lokacin barbara. Saboda haka a yawancin kunamu matajin namiji ya fi tsawo, haƙoransa sun fi yawa, kowane haƙori kuma ya fi tsayi. A wasu irin, matajin namiji yakan yi tsawon da ƙarshensa ke leƙowa ta gefen ciki. Na mace gajere ne, haƙoransa ƙanana.

Masana sukan ƙirga haƙoran kowane ɓangare. A wata Androctonus da aka fi yin bincike a kanta, mai suna Androctonus australis, namiji yakan sami haƙora 30 ko fiye a kowane mataji, mace kuma yawanci ba ta kai 30 ba. A Leiurus ma namiji ne ke kan gaba. A Pandinus kuwa haƙoran ba su kai 20 ba, kuma adadin namiji da na mace yakan yi kusa har ya haɗu, don haka tsawon haƙoran ake dubawa maimakon yawansu.

Wannan ya nuna cewa babu lamba guda da za a riƙe a ce duk wadda ta wuce ta namiji ne. Macen Leiurus tana iya fin namijin Pandinus yawan haƙora ninki biyu. Ƙirgen yana da amfani ne idan an riga an san irin kunamar, ko kuma an ajiye biyu ƴan iri ɗaya ana kwatantawa. Wani masani ɗan Faransa, Max Vachon, wanda ya wallafa babban littafinsa kan kunamun Arewacin Afirka da Sahara a 1952 a cibiyar Pasteur ta Aljeriya, yana cikin waɗanda suka tsara wannan ƙirge iri bayan iri, kuma har yau masu bincike suna komawa ga aikinsa.

Alherin mataji shi ne yawan haƙoransa ba ya canzawa da girma. Abin da aka haifi kunama da shi, da shi za ta tsufa. Don haka ko ƙaramar da ba ta balaga ba ana iya gane jinsinta ta wannan hanya, idan akwai gilashin ƙara girma.

Sauran alamu

Marfin mafitar haihuwa shi ne alama ta biyu. A ƙarƙashin marfin namiji akwai wasu ƴan tsinkaye biyu ƙanana waɗanda mace ba ta da su, wani lokaci sukan ɗan leƙo ta bayan marfin. A Pandinus siffar marfin ma ta bambanta: na namiji kamar ƙwai yake a kwance, na mace kuma yana da ɗan tsini ta baya. Ganin wannan da ido kawai yana da wuya a ƙananan kunamu.

Ta uku ita ce ƙirar jiki. Balagaggiyar mace ta fi faɗin ciki da nauyi, domin a cikinta ƴaƴa ke girma. Idan tana da ciki, gaɓoɓin bayanta sukan rarrabu har a ga farar fata mai laushi a tsakaninsu da kuma gefuna. Namiji siriri ne, ya fi sauƙin jiki da saurin gudu.

Ta huɗu wutsiya ce. A iri da yawa wutsiyar namiji ta fi tsawo idan aka gwada ta da jikinsa, gaɓoɓinta kuma sun fi miƙewa. Wannan bambanci a fili yake a wasu kunamun nahiyar Amurka da Asiya, amma a na Sahel ɗan kaɗan ne.

Ta biyar hannuwa ne. A wasu daga dangin Buthidae tafin hannun namiji ya fi kumbura, kuma idan ya rufe awartakinsa sai a ga ɗan giɓi a gindin yatsun biyu. Da wannan giɓi yake riƙe hannun mace lokacin barbara. Yatsun mace kuwa suna haɗuwa daga gindi har baki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu huɗu da ta isa ita kaɗai. Sai an haɗa biyu ko uku, sannan a tabbatar da mataji.

Inda ake yawan kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kowace mai ƙiba a matsayin mace. Kunama tana iya cin abinci mai yawa a zama ɗaya, cikinta ya kumbura, sannan ta yi watanni ba ta ci ba. Namijin da ya ƙoshi yakan yi kama da mace mai ciki. Haka ma ƙaramar da ke daf da yin saɓa.

Na biyu shi ne kwatanta babba da ƙarama. Kunama takan yi saɓa sau biyar zuwa bakwai kafin ta balaga, kuma alamun ƙirar jiki da na hannuwa ba sa fitowa sosai sai bayan saɓar ƙarshe. Ƙaramar kunama da aka gani kusa da babba ba lallai matarsa ko mijinta ba ce, tana iya zama wadda ba ta gama girma ba.

Na uku shi ne launi. Ko cikin iri ɗaya launi yana bin ƙasar da kunama ke zaune. Wadda ke cikin farin rairayi ta fi haske, wadda ke cikin duwatsu ko baƙar ƙasa ta fi duhu. Wadda ta yi saɓa jiya kuma fara ce fat, sai bayan kwanaki ɓawonta ke yin tauri ya koma launinsa.

Abin da hali ke nunawa

Kunama da dare take fita. Mace ta fi zama kusa da raminta ko maɓoyarta, tana jiran ƙwaro ya zo wucewa. Balagaggen namiji kuwa, idan lokacin barbara ya yi, yakan bar maɓoyarsa ya yi ta yawo yana neman mace. Shi ya sa a watannin zafi da farkon damana maza sukan yi yawa cikin waɗanda ake gani suna ratsa fili ko suna shigowa gida.

Idan ya same ta, sai ya kama hannuwanta da nasa, su yi ta tafiya gaba da baya suna fuskantar juna, kamar masu rawa. Wannan kan ɗauki mintoci, wani lokaci sa'o'i. Masanin ƙwari na Faransa, Jean-Henri Fabre, ya bayyana wannan tafiya dalla-dalla a farkon ƙarni na 20, bayan ya ajiye kunamu a gidansa yana kallonsu da fitila. Duk tsawon tafiyar namiji yana shafar ƙasa da matajinsa har ya sami wuri mai tauri, kamar dutse ko ɓawon itace. Nan yake manna wani ɗan tsinke mai ɗauke da maniyyinsa, sannan ya jawo macen ta bi ta kai, tsinken ya shiga ƙarƙashin marfinta. Daga nan sai ya sake ta ya gudu. Yakan faru mace ta cinye namiji bayan haka, amma ba kullum ba.

Duk wanda ya ga kunamu biyu riƙe da hannun juna, to ya ga namiji da mace, kuma mai jan ɗayan shi ne namijin. Zai kuma lura cewa launinsu ɗaya ne.

Kunama ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Cikinta yakan ɗauki watanni, tsawonsu ya danganta da iri da yanayi. Takan haifi ƴaƴa daga ƴan kaɗan har zuwa wajen 100, farare masu laushi. Da an haife su sai su hau bayan uwar, su zauna a nan har su yi saɓar farko, yawanci mako ɗaya zuwa biyu, sannan su watse. Wadda aka gani da ƴaƴa a baya mace ce, babu tantama, domin namiji ba ya goyo.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa ƴaƴan kunama suna cinye uwarsu. Masu kiwon kunama don bincike ba haka suke gani ba. Jariran ba sa cin komai kafin saɓar farko, da abin da ke cikin jikinsu suke rayuwa, kuma mace ɗaya tana iya haihuwa sau da dama a rayuwarta. Uwar ce ma kan ci wasu daga cikinsu idan yunwa ta matsa mata ko aka dame ta. Mai yiwuwa saɓar kunama, wadda kan fito cikakkiya da ƙafafu da wutsiya amma ba komai a ciki, ita ce ake tsinta a zaci gawar uwar da aka cinye ce.

Inda mace ke haihuwa ba namiji

A wasu ƴan tsirarun iri, mace tana iya haihuwa ba tare da ta sadu da namiji ba. An fara tabbatar da haka a 1962 a wata rawayar kunama ta Brazil mai suna Tityus serrulatus, wadda a yau ta cika biranen ƙasar ta kuma zama babbar matsalar lafiya. Daga baya masu bincike, ciki har da Wilson Lourenço na gidan tarihin halittu na birnin Paris, sun nuna cewa Hottentotta ta Afirka ta Yamma ma tana iya yin haka. A irin wannan hali mace ɗaya da ta biyo damin itace ko buhun kaya ta isa ta cika gida da kunamu.

Yadda ake dubawa ba tare da an sha harbi ba

Ba a kama kunama da hannu, ko da an ga gardawa masu wasa da ita suna yi a kasuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kife mata kwalba mai haske mai faɗin baki, a zura kwali mai ƙarfi ta ƙasa, a juya kwalbar a rufe. Sai a ɗaga a kalli cikinta ta gindin kwalbar a wuri mai haske. Idan aka ɗauki hoto da wayar salula aka buɗa shi, haƙoran mataji sukan fito har a ƙirga.

Idan matacciya ce, a juya ta da tsinke, kada a taɓa ƙarin. Kunama takan yi lamo kamar ta mutu, musamman in an buge ta ba ta ƙarasa ba. Wannan aiki na manya ne, bai kamata a sa yara farautar kunama da sunan koyo ba. Malamin makarantar da ke son nuna wa ɗalibai zai iya ajiye matacciya a cikin kwalba rufaffiya.

Jikin kunama yana ƙyalli da launin kore mai haske idan aka haska shi da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗin jabu da ita. Namiji da mace duk suna ƙyallin, saboda haka fitilar ba ta bambance su, amma tana taimakawa wajen gano su a tsakar gida da dare.

Wanne ya fi dafi

Namiji da mace duka suna da jakar dafi, duka suna harbi. A wasu iri an sami ɗan bambanci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 kan wata kunamar can ya nuna matan sun fi saurin kai harbi idan aka tsokane su, mazan kuma sun fi dogaro da gudu, saboda nauyin ciki yana hana mace sauri. Irin wannan bambanci bai kai a gina shawarar magani a kansa ba. Babu likitan da zai tambayi jinsin kunama kafin ya duba wanda ta harba.

Abubuwan da ke sa harbi ya yi muni su ne irin kunamar, yawan dafin da ya shiga, shekaru da nauyin wanda aka harba, da tsawon lokacin da aka ɓata kafin a isa likita. Wajen gane iri, hannuwa sun fi launi amfani. Kunama mai manyan hannuwa masu kauri da ƙarfinsu take kashe abincinta, dafinta yakan zama mai sauƙi. Mai siraran hannuwa da dafi ta dogara, kuma idan ta haɗa da kaurin wutsiya to abin tsoro ce ƙwarai. Waɗanda suka fi yawa a ƙasar rairayi masu siraran hannuwa ne.

Wani nazari da Jean-Philippe Chippaux da Max Goyffon suka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa kunama tana harbin mutum sama da miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, fiye da 3,250 kuma suna mutuwa. Mafi yawan manyan da aka harba zafi kawai suke sha, ya lafa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin dafin da babba zai iya ɗauka ya fi ƙarfin ƙaramin jiki. A nan Nijar, nazarin da likitoci suka yi kan yaran da aka kwantar a asibitin Agadas a 1999 saboda harbin kunama, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa wasu daga cikinsu ba su tashi ba.

Idan an yi harbi

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a cire zobe ko awarwaro idan a hannu ne, a ɗora tsumma mai sanyi, a kwantar wa mutum da hankali, a hana shi guje-guje. Ana iya ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa. A kuma lura da lokacin da abin ya faru, domin ma'aikacin lafiya zai tambaya.

Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya, kada a ƙona ko a zuba fetur. Dafin kunama yana shiga jini da sauri, waɗannan dabaru ba sa fitar da shi, sai dai su ƙara ciwo a kan ciwo. Baƙin dutsen da ake mannawa a wurin harbi shi ma ba a tabbatar yana zuƙe dafi ba.

Yaro ƙarami, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon zuciya, a wuce da su cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa nan take, ba sai an jira alamu ba. Ga kowa kuma, alamun haɗari su ne zufa mai yawa, dalalar miyau, amai, rawar jiki, firgita da rashin natsuwa, numfashi sama-sama, kumfa a baki, miƙewar gaba ga yaro namiji, ko suma. Yawanci cikin sa'o'in farko suke bayyana, shi ya sa ake so a riƙe yaro a likita ana lura da shi na aƙalla sa'o'i huɗu ko da ya yi kamar ya warke.

Nisa yana cikin lissafi. Tasawa tana da kimanin kilomita 120 daga Maraɗi, Mayahi kuma wajen 90. Mutumin ƙauyukan Urafan ko Korgom ko Maijirgi, ko na Kanembakashe da Sarkin Hausa da Gidan Amumun, sai ya fara isa CSI, daga nan in ta kama a tura shi asibitin gunduma, in ta ƙara tsananta a wuce Maraɗi. Sa'ar da aka ɓata a gida ana gardamar ko duwu ne ko kunama, daga lokacin wannan tafiya aka cire ta. Tun 2006 dokar ƙasa ta tanadi duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Idan an kashe kunamar ana iya tafiya da ita cikin kwalba ko a ɗauki hotonta, amma kada a tsaya nemanta.

Rage haɗuwa da ita

Kunama tana son wuri mai duhu da ɗan sanyi: tarin tubali, tsagar katanga, ƙarƙashin randa da turmi, gindin rumbu, tarin kara da itace, damin hatsi lokacin kaka. Masu yankan kaba a Gulbin Kaba, da mata masu ɗibar itace, da yara masu kiwo, su ne hannunsu ya fi shiga irin waɗannan wurare. Ya kamata a riƙa ɗaga abu da sanda kafin a sa hannu, a kakkaɓe takalmi da tufafi da tabarma kafin amfani, a sa takalmi da dare, a riƙe tocila. Tarin kara da tubali a nisanta su daga wurin kwana, a liƙe tsagogin bango da laka ko siminti. Yara su kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, a kuma janye gadon daga jikin bango. Kaji da zabi suna cin kunama, yawonsu a tsakar gida yana rage ta.

A ƙara kula bayan ruwan sama mai ƙarfi, domin ruwa yana koro kunamu daga ramukansu. A watan Nuwamban 2021, bayan wani ruwa da iska a lardin Aswan na ƙasar Masar, hukumomi sun ce an harbi mutum sama da 500 cikin ƴan kwanaki. Idan kuma aka kashe mace mai goyo a cikin gida, a share wurin da kyau, a duba ƙarƙashin kaya, domin ƴaƴan da suka riga suka yi saɓar farko suna iya harbi.